Hausa a Ƙarƙashin Yatsa: Tsokaci kan Allunan Rubutun Makafi da Haruffa Masu Tudu a Gine-ginen Jama'a

Tsakure

Wa'adin shekara biyar da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta ɗiba wa gine-ginen jama'a a Nijeriya ya cika tun watan Janairun 2024. Ko ba daɗe ko ba jima, allunan da ake karantawa da yatsa za su shigo asibitoci da kotuna da jami'o'in ƙasar Hausa. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa tanadar waɗannan alluna aikin masana harshe ne daidai da yadda yake aikin magina. Idan masana Hausa suka yi shiru, za a kafa su da Ingilishi zalla, ko da Hausar da aka zubar wa ƙugiyoyi, a bar makahon Bahaushe a bakin ƙofa kamar yadda aka same shi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman wani ofishi a babban benen asibitin koyarwa ko sakatariyar gwamnati ya san irin hidimar da ido yake yi masa ba tare da ya ankara ba. Yana tafe yana tsintar rubutu: lambar hawa a bakin matakala, kibiya a jikin bango, suna a kan ƙofa. Ɗalibin da ba ya gani, idan ya shigo wannan benen da farar sandarsa, yakan hau matakala ya bi baranda lafiya ƙalau, amma da zarar ya iso jerin ƙofofi goma masu kama da juna sai tafiya ta tsaya. Sanda tana shaida masa cewa akwai ƙofa a nan, sai dai ba ta san ofishin wane ne ba. Dole ya dakata ya saurari takun wani, ya yi sallama, ya tambaya. Idan abin da yake nema ofishin jarrabawa ne, da sauƙi. Idan kuwa mace ce mai neman banɗakin mata, ko majinyacin da ke neman sashen wata cuta da ba ya son a sani, to tambayar kanta ta zama tonon asiri.

Maganin wannan matsala sananne ne, kuma ba sabo ba ne: ɗan allo a gefen ƙofa, a tsayin da hannu zai kai, mai ɗauke da haruffa masu tudu da kuma rubutun Birel, wanda jama'a suka fi sani da rubutun makafi. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne da wane harshe za a rubuta allon, da wace ƙa'idar rubutu, da kuma waɗanne kalmomi. A nan ne masana Hausa suke da ta cewa.

2.0 Rubutu Iri Biyu a Allo Ɗaya

Haɗa rubutu iri biyu a allo guda ya samo asali ne daga tarihin karatun makafi. Makarantar da Valentin Haüy ya kafa a birnin Faris a shekarun 1780 ta fara ne da buga haruffan boko na yau da kullum masu tudu, yara suna shafawa. Karatun ya yi nauyi ƙwarai, domin an ƙera siffar harafi ne don ido, yatsa kuwa sai ya zagaye ta kafin ya gane. Louis Braille, wanda aka haifa a 1809 ya kuma makance yana ƙaramin yaro sanadiyyar rauni a shagon mahaifinsa, ɗalibin wannan makaranta ne. Ya ɗauki dabarar ɗige-ɗige goma sha biyu ta Charles Barbier ya rage ta zuwa gida mai ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, wanda kan yatsa zai rufe a taɓawa ɗaya. Daga ɗigon nan shida ake samun alamomi 63. Ya wallafa tsarin a 1829, amma hukumomin Faransa ba su amince da shi ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Duk da wannan nasara, haruffa masu tudu ba su ɓace ba, saboda dalili ɗaya. Wanda ya yi karatu da ido kafin ya rasa gani yana riƙe da siffar harafi da ta lamba a zuciyarsa, kuma koyon ɗige-ɗige bayan girma abu ne mai wuya, musamman ga wanda ciwon sukari ya rage wa jin taɓawa a yatsu. Irin wannan mutum ba zai karanta littafi da haruffa masu tudu ba, amma zai karanta lamba 214 ko kalmar FITA cikin daƙiƙa kaɗan. Saboda haka kowane rubutu yana da mutanensa: Birel ga wanda ya koye shi a makaranta, harafi mai tudu ga wanda makanta ta riska daga baya, sannan launi mai bambanta da bango ga mai raunin gani, wanda adadinsa ya fi na makafi nesa ba kusa ba.

Ƙasashen da suka daɗe a wannan harka sun fitar da ma'auni dalla-dalla. Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 sun tanadi cewa harafin ya taso da aƙalla milimita 0.8, tsayinsa ya kama daga milimita 16 zuwa 51, ya zama babban baƙi marar ado, sannan a kafa allon tsakanin kimanin santimita 122 da 152 daga ƙasa, a jikin bango ta ɓangaren mariƙin ƙofa. Hikimar wannan sharaɗi na ƙarshe a fili take. Allon da aka manna a jikin ƙyaure yakan gusa idan an buɗe ƙofa, kuma mai tsaye yana shafa shi yana iya shan bugu daga mai fitowa. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya ma ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 17049 a 2013 kan amfani da Birel a alluna da na'urori. Ke nan ta fuskar awo da gini an riga an share hanya.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a watan Disambar 2006. Jamhuriyar Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Nijeriya a 2010, Gana a 2012. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasashe nauyin samar da alluna a gine-ginen da jama'a ke shiga, da rubutun Birel da kuma sigar da ke da sauƙin karantawa da fahimta. A cikin gida kuwa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar 2018 a watan Janairun 2019. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar don gyara tsofaffin gine-gine, ta wajabta duba zanen sabon gini kafin a amince da shi, ta kuma samar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020. Hukumar zaɓe ta ƙasa ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne lokacin da ta yi amfani da jagorar ƙuri'a ta Birel a zaɓen shugaban ƙasa na 2019.

A aikace, mafi yawan abin da aka fahimta da gyaran gini shi ne zuba gangara a bakin ƙofa domin keken guragu. Wannan abu ne mai kyau, amma shigar da mutum cikin gini kawai yake yi, ba ya kai shi inda ya nufa. Kalmar da ta fi cancantar a tsaya a kanta a cikin yarjejeniyar ita ce fahimta. Yarjejeniyar ba ta ambaci sunan wani harshe ba, sai dai babu yadda rubutu zai zama mai sauƙin fahimta ga wanda bai ji harshen da aka yi shi ba. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, wannan sharaɗi ba zai cika ba sai da Hausa.

4.0 Inda Harshe ya Shigo

4.1 Zaɓin Harshe

Tun bayan aikin Landry da Bourhis na 1997, nazarin harsunan da ke bayyana a allunan tituna da shaguna da ma'aikatu ya zama fage mai zaman kansa, kuma ɗalibai a jami'o'in Arewa sun shiga cikinsa. Sai dai ginshiƙin fagen shi ne abin da ido ke gani. Manazarci yakan ɗauki hoton allo, ya ƙidaya na Hausa da na Ingilishi da na Larabci, ya yanke hukunci kan matsayin kowane harshe. A ma'aunin yatsa kuwa, mafi yawan bangayen nan ba su da harshe ko ɗaya. Ranar da za su fara magana, da wuya su fara da Hausa, domin ɗan kwangila yakan sayo abin da ya tarar a kasuwa ne, abin da ke kasuwa kuwa an ƙera shi ne don masu jin Ingilishi.

Matsalar ba ta tsaya ga kalmomin Ingilishi ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓi haɗaɗɗen tsarin Birel na Ingilishi, kuma allunan da ake yi bisa ma'aunin Amurka suna amfani da sigar da ake taƙaita kalmomi. A wannan siga, harafin b shi kaɗai yana wakiltar kalmar Ingilishi mai ma'anar “amma”, harafin k kuma kalmar da ke nufin “ilimi”. Akwai irin waɗannan taƙaitawa kusan 180. Yaron da ya yi firamare a makarantar makafi ya iya baƙaƙe da wasula, amma Ingilishinsa bai nuna ba, zai shafa allon ya ji ɗige-ɗigen da ya sani, ya kasa fitar da ma'ana. Haka kuma idan aka zuba kalmar Hausa a manhajar da aka saita da dokokin Ingilishi, za ta dunƙule ƙarshen kalmomi irin su “ofishin” da “asibitin” zuwa alama guda, domin tana ɗaukar “in” a matsayin gaɓar da ake taƙaitawa. Sakamakon shi ne rubutun da mai karatun Hausa ba zai gane ba, mai karatun Ingilishi ma haka.

4.2 Haruffa Masu Ƙugiya

Birel na Hausa ba sabon abu ba ne. Tun da aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, wadda ita ce ta farko a Nijeriya, ake da masu karatu da yatsa a Arewa, kuma an tanadi alamomi na musamman ga sautukan Hausa da babu su a Ingilishi. Abin tsoro shi ne a maimaita a jikin bango kuskuren da aka saba gani a jaridu da allunan shaguna, wato zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ.

Mai karatu da ido yakan yafe wannan kuskure saboda jimla tana taimakonsa. Allon ƙofa kuwa kalma ɗaya ce ko biyu, babu abin da ke gabanta ko bayanta. Da ma ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kalma tilo ta riga ta rasa madogara biyu. Idan aka cire ƙugiya an cire na uku. “Ɗakin baƙi” zai koma “dakin baki”. Maɓallin na'urar hawa bene da ya kamata ya ce “ƙasa” zai ce “kasa”. Sashen “ƙashi” a asibiti zai koma wata kalma da ba a rubuta ta a ƙofar likita. Mai ido zai yi murmushi ya wuce. Wanda ya dogara ga allon shi kaɗai ba shi da wata hanyar tantancewa.

A ɓangaren haruffa masu tudu, tambayar ta fi haka zurfi. Ma'aunin da ake da shi ya ce a yi amfani da manyan baƙaƙe marasa ado, saboda kowace 'yar lanƙwasa tana rikita yatsa. To amma bambancin K da Ƙ, ko D da Ɗ, ko B da Ɓ, 'yar lanƙwasa ce kawai. Waɗanda suka tsara haruffan nan a shekarun 1930 don injin ɗab'i da idon mai karatu suka tsara su. Yaya girman ƙugiya ya kamata ya kasance a harafi mai tsayin milimita 16 kafin yatsa ya rarrabe ta? Shin ya fi kyau a ƙara wa allunan Hausa girman harafi gaba ɗaya? Amsar waɗannan tana hannun mai nazarin tsarin rubutu wanda zai zauna da makafi masu karatu, a gwada samfura daban-daban, a ga wanda ya fi saurin ganewa. Kamfanin da ke ƙera alluna a wata nahiya ba zai yi wa Hausa wannan aiki ba.

4.3 Keɓaɓɓun Kalmomi

Rubutun Birel ba ya ƙanƙancewa. Kowane gida yana cin wuri kimanin milimita shida, kuma ba a rage shi don allo ya yi kaɗan, domin yatsa ba ya ƙanƙancewa. Wannan ya sa gajarta ta zama wajibi. “Shiga” da “fita” da “maza” da “mata” ba su da matsala. Amma me za a rubuta a ƙofar wurin bahaya: banɗaki, ko bayi, ko makewayi, ko masai? Kowace tana da yankin da ta fi karɓuwa da kuma matsayinta na sakayawa. “Ɗakin gwaje-gwaje” da “ƙofar fita ta gaggawa” da “sashen kula da marasa lafiya na waje” duk fassara ce ingantacciya a takarda, amma a allo sun yi tsawo. Sannan dole kalmar da aka zaɓa ta zama ɗaya a ko'ina. Idan asibitin Sakkwato ya ce “ɗakin magani”, na Bauchi ya ce “kantin magani”, na Zariya ya ari kalmar Ingilishi, to makaho zai riƙa koyon sabon ƙamus a kowane gari.

Masana Hausa sun taɓa yin irin wannan aiki. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta daidaita kalmomi, ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi ya fito a 1990 bayan tarurrukan masana, sannan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Jerin kalmomin alluna ɗari biyu ko uku ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta shi da waɗannan, amma amfaninsa zai kai ga kowane mai shiga asibiti, mai gani da marar gani.

4.4 Tsallaken Iyaka

Akwai kuma batun Nijar, inda kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Makaho ɗan makaranta a Damagaram ko Yamai da Birel na Faransanci ya tashi. Wasu alamomin da Ingilishi ke amfani da su wajen taƙaita gaɓoɓi, Faransanci ya ba wa wasula masu alama a kai. A rubutun boko ma akwai ɗan bambanci, domin abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, da harafi mai ƙugiya ake rubuta shi a Nijar. Majinyata daga Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna zuwa asibitocin Kano da Katsina. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun zauna ne don kada rubutun Hausa ya rabu gida biyu a takarda. Bai kamata a bari ya rabu a ƙarƙashin yatsa ba, kuma daidaitawa ta fi sauƙi tun kafin a kafa dubban alluna.

5.0 Hujjojin Masu Ja

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta adadi. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas, inda ya kai kashi 6.1. Yanar ido ce ta haddasa kimanin kashi 43, kuma kashi 84 na makantar ana iya kauce mata ko magance ta. Mafi yawan waɗannan bayin Allah dattawa ne, mazauna karkara, da ba su yi boko ba balle Birel. Mai ja zai ce kuɗin allo gara a kai shi ɗakin tiyatar ido.

Gaskiya ne allo ba zai amfani tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, kuma duk wanda ya ce allo ya wadatar ya yi kuskure. Ita tana buƙatar kwatar da aka rufe, da baranda da ba a jibge ta da babura ba, da daɓe mai tudu irin wanda Seiichi Miyake ya ƙirƙiro aka fara shimfiɗawa a Okayama ta Japan a 1967, da ma'aikacin da zai kira suna da murya maimakon ya nuna da hannu. Sai dai kasafin ginin jami'a daban, na tiyatar ido daban, kuma babu wanda ya taɓa cewa a daina rubuta sunayen ofisoshi da fenti saboda akwai waɗanda ba su iya karatu ba. Bugu da ƙari, lambobi ba su da shamaki irin na haruffa. Ɗan kasuwar da ya shekara talatin yana ƙirga kuɗi yana danna waya ya san siffar 2 da 7, ko da bai taɓa zama a aji ba.

Akwai kuma wani zagaye da ya kamata a karya. Iyaye da yawa ba sa ganin amfanin kai makahon yaro makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, saboda rubutun da zai koyo ba ya aiki a ko'ina bayan katangar makarantar. Hukumomi kuma ba sa kafa alluna saboda masu karantawa kaɗan ne. Kowane ɓangare yana jiran ɗaya. Mai gani ya koyi karatu a duniyar da ke cike da rubutu, yana bitar darasinsa a jikin mota da kwalin shayi. Allon ƙofa yana cikin 'yan wuraren da makaho zai tarar da karatunsa yana yi masa aiki a bainar jama'a.

Hujja ta biyu ta al'ada ce. Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, kuma al'umma ta san ɗan jagora, ta san Sarkin Makafi, ba ta barin makaho a tsaye a hanya. Wannan kirki ne da ba a musunsa. Amma ɗan jagora sau da yawa yaro ne da ya kamata a ce yana aji, don haka makantar mutum ɗaya takan cinye karatun mutum biyu. Taimako kuma yana da lokacin tashi daga aiki. Da daddare a asibiti, ko lokacin da gobara ta tashi kowa yana ta kansa, babu wanda za a tambaya. Lauya ko malamin makaranta makaho da ke zuwa wurin aiki kullum bai kamata ya riƙa neman alfarma don gane ƙofar da abokan aikinsa ke ganewa kyauta ba.

Hujja ta uku ita ce wayar zamani mai karanta rubutu da murya ta sa Birel ya tsufa. Waya tana buƙatar caji da data, manhajojin ba su ƙware a Hausa ba, kuma kafin a ɗauki hoton allo sai an san inda yake. Allon da aka kafa a tsayi ɗaya a gefe ɗaya na kowace ƙofa, hannu ne ke samun sa ko da an ɗauke wuta.

6.0 Aikin da ke Gaban Sassan Hausa

Mataki na farko shi ne zama tsakanin sassan Hausa da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, waɗanda a jami'o'i irin su Bayero da Jos suna nan da ƙwararrun malamai. Wajibi ne malaman makarantun makafi da ƙungiyar makafi ta ƙasa su kasance a sahun masu yanke shawara tun daga farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ake so daga zaman shi ne ɗan littafin jagora mai ɗauke da abu uku: tabbatattun alamomin Birel na Hausa ba tare da taƙaitawa ba, siffar Ɓ da Ɗ da Ƙ da aka gwada da yatsa, da jerin gajerun kalmomin alluna. Da shi ne hukumomin tsara birane da masu ba da kwangila za su sami abin da za su rubuta a takardar sharaɗi.

Ya kamata jagorar ta yi la'akari da yanayin ƙasar. Farantin ƙarfe da rana ta buɗe a kansa a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba ya taɓuwa. Ƙurar hunturu tana cike tsakanin ɗige-ɗige idan ba a gogewa. Mai fenti yakan shafe allo idan an zo yi wa gini kwaskwarima, masu manna fosta kuma ba sa barin bango. An sha ganin allunan da aka kafa a kife, ko aka buga hoton ɗige-ɗige a shafe ba tudu, saboda mai kafawa da mai karɓar aiki duk ba su iya karantawa ba. Ƙa'ida ɗaya za ta magance wannan: kada a biya ɗan kwangila sai makaho mai karatu ya shafa allon ya tabbatar.

Mataki na biyu bai buƙatar jiran kowa. Sashen Hausa ba shi da ikon gyara asibitin tarayya, amma yana da iko da barandarsa. Ofisoshin malamai da ɗakin karatu da azuzuwa da banɗakuna ba su wuce ƙofa ashirin ko talatin ba. Sashen da ya sanya musu alluna da Hausa da Ingilishi, da tudu da Birel, ya samar wa ɗalibansa wurin gwaji, ya kuma samar wa hukumar jami'a misalin da za ta gani da ido. Ranar 4 ga Janairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa rubutun Birel tun daga 2019, lokaci ne da ya dace da ƙaddamar da irin wannan aiki. Mataki na uku shi ne buɗe wa ɗaliban digiri na biyu da na uku wannan fage, domin kowace tambaya da aka tayar a sama ta isa kundin bincike.

7.0 Kammalawa

Babu sashen Hausa da ba a nazarin Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya da ya rasu a 1990. An rubuta kundaye a kan hikimarsa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Fagen da ya ci moriyar basirar makafi har haka yana da bashi a wuyansa. A yau akwai matasa makafi da suka yi karatu da yatsa, suka ci jarrabawar shiga jami'a, wasunsu ma Hausa suka zo karantawa. Mafi ƙarancin abin da ya kamata su tarar shi ne sunan ajin da ake koyar da waƙoƙin Namangi a gefen ƙofa, a tsayin hannu, da harshensu, da ƙugiyoyinsa cikakku. Doka ta riga ta wajabta gyaran gine-gine, ma'aunin awo kuma yana nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne kalmomin da za a sa da yadda za a rubuta su, kuma wannan aikin masana Hausa ne.